Ranar da Makara Ta Auna Mu

Mu bakwai ne a majalisarmu, kuma dukkanmu mun haura shekara arba'in. Tun muna firamare muke tare a unguwa ɗaya a cikin birnin Kano. Mun buga ƙwallo tare, mun yi aure kusan a jere, yanzu kuma 'ya'yanmu ne suke tayar da ƙura a filin da muka bari. Idan aka sallame isha'i, akwai benci biyu a ƙofar shagon telan cikinmu, a nan muke zama har mai shayi ya fara tattara kofunansa. Kamar yadda bencin yake biyu, haka majalisar ta daɗe a rabe a kan magana ɗaya: wane motsa jiki ne na gaske?

Uku daga cikinmu 'yan ɗaga ƙarfe ne. Akwai wani kango a bayan layinmu, inda aka zuba siminti a gwangwanayen fenti aka soka rodi a tsakiya, ga tsofaffin ƙarafan mota da aka auno wajen 'yan gwangwan. A nan suke shafe yammacinsu. Uku kuma 'yan gudu ne, daga sallar asuba sai Filin Sukuwa, su zaga su dawo kafin rana ta buɗe ido. Na bakwai ma'aikacin jinya ne, ba ya nan ba ya can. Ya ce tsayuwar da yake sha a asibiti ta ishe shi.

Masu ƙarfe suna kiran masu gudu "waɗanda ba a kora ba", wai ina hankali ga magidanci ya fito da asuba yana sheƙa gudu alhali babu kare a bayansa. Masu gudu kuwa suna kiran masu ƙarfe "buhunan siminti", wai ga cika ido, amma inda aka ajiye su nan ake tarar da su. Mun fi shekara goma muna wannan tsiya, babu wanda ya taɓa sauya benci.

Sai mahaifin telanmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. A watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri arba'in. Ranar Talata ce, aka yi masa salla bayan azahar. Samarin unguwa suna kasuwa, wasu suna makaranta, yawancin waɗanda suka taru sa'annin mamacin ne, masu dogara sanda. Motar da ta ɗauko makarar ta tsaya a bakin titi, saboda an haƙe hanyar shiga maƙabarta ana aikin kwalbati. Abin da ya rage bai kai kilomita ɗaya ba, amma yashi ne, kuma da ɗan hawa. Muka dubi jama'a, muka dubi juna, muka gane cewa yau kafaɗunmu ne za su kai Baba makwancinsa.

Masu ƙarfe ne suka fara sa kafaɗa, tare da wani maƙwabci. Ɗagawar farko kamar tabarma suka ɗauka. Ba a yi nisa ba muka fara jin hakin babban cikinsu, direban tirela, mutumin da yake ɗaga abin da ya fi buhun siminti biyu yana kwance a benci. Gumi ya jiƙe masa riga, bakinsa a buɗe, ƙafarsa tana nutsewa a yashi tana fita da ƙyar. Masu gudu suka karɓa. Su numfashinsu lafiya lau, amma ba su yi taku ɗari ba kafaɗa ta fara zogi, hannu ya fara rawa, makarar ta karkata gefe ɗaya har wani tsoho ya yi salati da ƙarfi.

A jana'iza dama karɓa-karɓa ake yi, kowa yana son ya sa kafaɗa ya samu ladansa. Ranar nan mu ba don lada muke miƙa wa juna ba. Gajiya ce, muka fake da al'ada.

Akwai wani dattijo ɗan ga-ruwa da yake kawo ruwa layinmu a kura, ba zai gaza shekara sittin ba, siriri kamar sandar rake. Ya matso ya dafa kafaɗar direban nan ya ce, "Kawo, ɗana. Kun yi ƙoƙari." Ya shiga ƙarƙashin makarar, bai sake fita ba har bakin kabari. Da aka zo mayar da ƙasa ma shi ya riƙe shebur, mu muna tsaye muna mayar da numfashi.

Da zaginmu ya yi da ya fi mana sauƙi. "Kun yi ƙoƙari" ɗin nan ta bi mu har gida.

Kwana uku muna zaman makoki, babu wanda ya tayar da zancen. Daren da aka tashi, muna komawa bencinmu sai ga ma'aikacin jinyar nan da na'urar awon jini a leda. Ya ce, "Malamai, yau ba musu za mu yi ba. Kowa ya naɗe hannun riga." Ya tuna mana abin da muka sani muka kau da kai: Baba ya yi shekaru da hawan jini da ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, kuma tun shekara biyu kafin nan ba ya iya tashi daga tabarma sai an miƙa masa hannu.

Aka auna kowa. Direbanmu, wanda muke ganin ya fi mu lafiya saboda faɗin ƙirjinsa, jininsa ya haura 140 bisa 90. Aka bari ya huta aka sake, bai sauko ba. Kwana biyu a jere ana maimaitawa, sannan ya yarda ya je ya ga likita. Masu gudu awonsu ya yi kyau, har sun fara murmushi, sai ya ce kowa ya zauna a ƙasa ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Malamin makarantar cikinmu, mai zaga Filin Sukuwa ba ya tsayawa, sai da ya kama ƙafar benci. Shi kansa mai awon da ya gwada, gwiwarsa ta yi ƙara har muka ji, aka yi dariyar farko tun rasuwar.

A daren nan ya yi mana bayanin da ya daɗe yana yi wa marasa lafiya bai taɓa yi wa kansa ba. Ya ce zuciya ma tsoka ce, amma horonta daban. Tana son aikin da zai ɗauki lokaci yana sa mutum haki, kamar tafiya da sauri, sassarfa, tuƙa keke ko hawan tudu. Da irin wannan aikin take koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, jijiyoyin jini su saki, bugun zuciya ya ragu idan mutum yana hutawa. Tsokar ƙafa da ta baya da ta hannu kuwa ba ta ƙaruwa sai an ɗora mata nauyin da ya fi wanda ta saba. Idan aka bar ta, daga shekara talatin take fara zaizayewa, kashi uku zuwa takwas cikin ɗari a duk shekara goma, kuma abin yana ƙara sauri bayan sittin. Ita ce take tashin tsoho daga sujada. Ita ce kuma babbar ma'ajiyar sukari, domin yawancin sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci tsoka ce take kwashe shi. Mai gudu da bai kula da tsoka ba yana rage girman rumbunsa, mai ƙarfe da bai kula da zuciya ba yana da rumbu amma jakin da zai kai kaya ya gaji.

Ya buɗe wayarsa ya nuna mana ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020. Babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici mai sa haki, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana biyu a mako na atisayen ƙarfafa manyan tsokokin jiki. Ya ɗora yatsa a kan wurin ya ce mu duba da kyau, ba a ce mutum ya zaɓi ɗaya ba. Shekara goma muna musu a kan tambayar da tun asali ba a yi ta ba.

Abin da ya fi taɓa telanmu, wanda ciwon suga ya yi wa gidansu katutu, shi ne wani bincike da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2010. An ɗauki mutum 262 masu ciwon suga a jihar Luwiziyana, aka raba su gida huɗu na tsawon wata tara. Wasu ƙarfe kawai, wasu motsa jiki mai sa haki kawai, wasu duka biyun, wasu kuma ba a sa su komai ba. Lokacin da masu atisayen suke ɓatawa a mako kusan ɗaya ne. Da aka yi gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku, waɗanda suka haɗa biyun ne kaɗai suka nuna raguwar da za a iya dogara da ita idan aka kwatanta da waɗanda suka zauna. Tela ya yi shiru, can ya ce, "To ni ranar Asabar zan biyo ku filin."

Direba bai sallama da wuri ba. Ya ce kowa a kango ya san gudu yana cinye ƙwanji, shi ba zai zubar da wahalar shekara ashirin ya koma tsinke ba. Malamin makaranta, da yake shi ba a kayar da shi a bincike, ya kwana yana tono a intanet, washegari ya dawo ya ce, "Alhaji, maganarka tana da asali, amma ba kai take nufi ba." A 1980 wani masani ɗan Amurka, Robert Hickson, ya gwada abin na mako goma. Waɗanda ya sa su haɗa biyun suna ɗaga ƙarfe kwana biyar a mako, suna kuma gudu da tuƙa keke mai tsanani kwana shida a mako. Har kusan mako na bakwai ƙarfinsu yana hawa daidai da na masu ƙarfe zalla, daga nan ya tsaya, a makonni biyun ƙarshe ya fara sauka. Wato tsoka takan gaza idan aka haɗa mata aiki biyu masu tsanani kusan kullum babu hutu. Malam ya ce, "Wannan damuwar mai shirin gasa ce. Kai da za ka yi tafiya kwana uku ka ɗaga ƙarfe kwana biyu, babu abin da zai taɓa ƙwanjinka sai teɓa."

Haka muka zauna muka raba mako kamar masu rabon gado. Litinin da Alhamis na kango ne, minti arba'in da biyar bayan la'asar. Talata da Asabar na Filin Sukuwa ne bayan asuba, minti arba'in da biyar su ma. Lahadi mu taka har Dutsen Dala, mu hau matakalarsa mu sauko mu dawo a ƙafa, awa guda. Idan aka haɗa na haki ya kama minti 150 cif. Laraba da Juma'a hutu, domin tsoka a lokacin hutu take ginuwa, kuma wadda aka wahalar yau tana son kamar kwana biyu kafin a koma mata. Wanda aiki ya matse shi har sai ya haɗa biyun a rana ɗaya, ya fara da ƙarfe ya ƙare da tafiya, don kada ya shiga ƙarƙashin nauyi da ƙafar da ta riga ta gaji.

A kangon ma mun rage yawan salo. Da can masu ƙarfe ƙirji da damtse kawai suke yi wa hidima, abin da riga za ta nuna. Yanzu abu biyar muke yi: tsugunawa da miƙewa da nauyi a ƙirji, ɗaga nauyi daga ƙasa da baya a miƙe, tura nauyi, jawo nauyi, sai ɗaukar jarka biyu cike da ruwa a yi tafiya da su daga bango zuwa bango. Huɗun farko sau takwas zuwa goma sha biyu, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. Na biyar ɗin daga wajen dattijon nan muka kwaikwayo. Jarka mai lita ashirin kilo ashirin ce, kuma duk wanda ya yi zuwa biyar da biyu a hannu zai ji damtsensa yana wuta, ƙirjinsa yana bugawa, a lokaci ɗaya. A nan muka fahimci abin da ya kai shi bakin kabari. Aikinsa bai taɓa raba masa ƙarfi da numfashi ba.

Watan farko bai yi mana daɗi ba. Kowa ya tashi daga inda yake sarki ya koma inda yake ɗan koyo, kuma girman kai ya yi mana illa fiye da nauyi. Ranar farko a fili direba ya ƙi yarda malamin makaranta ya wuce shi, ya zuba gudu kamar an biyo shi, bai yi minti biyar ba ya durƙusa a jikin katanga yana amai. Malam shi ma da ya zo kango ya raina gwangwanin da aka ba shi, ya sunkuya ya fizgi na direba, bayansa ya riƙe. Mako biyu yana salla a kan kujera. Ɗan kasuwar cikinmu kuwa da ya tashi da tsamin jiki kwana biyu bayan tsugunawar farko, har ba ya iya sauka daga babur, ya ce shi ba da shi ba, ya ɓace mana wata huɗu.

Daga nan muka kafa doka biyu. A fili, duk wanda ba zai iya yi wa na kusa da shi magana yana tafiya ba, ya wuce gona da iri, ya rage sauri. Ma'aunin ke nan: ka iya hira, amma ka kasa rera waƙa. A kango kuma ba a ƙara nauyi sai mutum ya yi goma sha biyu cikin tsari mako biyu a jere, kuma ba a riƙe numfashi. Ma'aikacin jinya ya dage a kan wannan, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana harba jini sama nan take. A fitar da iska lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Shi direba likita ya ɗora shi a kan magani, ya kuma amince masa da atisayen bisa sharaɗin ya rage nauyi ya daina gasa. Har yau yana shan maganinsa. Tafiya ta taimaka wa maganin, ba ta maye gurbinsa ba, kuma ba mu taɓa barin wani a majalisa ya faɗi akasin haka ba.

Sauran darussan yanayi ne ya koya mana. A bazara ba ma wuce ƙarfe bakwai na safe a fili, kuma kowa da gorar ruwansa. A hunturu idan hazo ya yi kauri mukan jira rana ta ɗaga, mai asma a cikinmu ya sa takunkumi. Da azumi mukan rage komai zuwa rabi, ƙarfe bayan tarawihi, tafiya kuma 'yar kaɗan dab da shan ruwa. Abinci bai sa mu sayen garin gwangwanin nan mai tsada da samari suke rububi ba. Wake da ƙosai da alala da awara da ƙwai da nono suna nan a bakin layi, tsoka ba ta tambayar daga ina aka kawo.

Ranar da mahaifiyar malamin makaranta ta ji labarin jarkokinmu, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ku yanzu sai kun sa rana za ku gaji? Mu da asuba mun ja guga ashirin a rijiya, mun yi surfe mun yi daka, mun kai abinci gona a ƙafa da ɗa a baya." Ba mu da amsa, don gaskiyarta. Taɓarya nauyi ce, kuma mai daka haki take yi. Fartanya haka, jan guga haka. Iyayenmu ba su san wani rabo tsakanin ƙarfi da numfashi ba, sai da injin niƙa da famfo da babur suka karɓe aikin, mu kuma muka tsinci rabi-rabi muna faɗa a kan wane rabin ya fi. Ba ma fatan matanmu su koma surfe, kuma Hajiya ma ba ta ce a koma ba. Amma bayan wannan hirar biyu daga cikin iyalanmu sun sayi igiyar tsalle, sun ware jarkokinsu a tsakar gida.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ba mu zama wasu zakaru ba. Teɓar ɗan kasuwa tana nan, ko da yake ya dawo, kuma shi ne yanzu mai buga wa mutane waya da asuba. Direba yana hawa Dala ba ya tsayawa a tsakiya, ƙwanjinsa kuma bai tafi ko'ina ba. Malam yana tashi daga ƙasa hannunsa a ƙirji, yana yi yana kallonmu. Tela yana zuwa gwajin suga duk wata shida, har yanzu bai tsallaka layi ba. Mun san babu ɗaya daga cikin wannan da zai ƙara wa wani kwana a kan abin da aka rubuta masa. Abin da muke roƙo shi ne kwanakin da suka rage mu yi su a tsaye, kada 'ya'yanmu su fara ɗaga mu daga tabarma tun lokaci bai yi ba. Benci biyun suna nan a ƙofar shago, amma yanzu kowa yana zama inda ya samu wuri.

A damunar da ta wuce aka yi rasuwa a layinmu, wata tsohuwa maƙwabciyar tela. An yi ruwa da daddare, mota ta kasa shiga saboda taɓo, aka sauke makara a bakin titi kamar wancan karon. Muka sa kafaɗa mu huɗu, ukun suna biye. Mun wuce inda direba ya taɓa tsayawa, mun wuce inda makara ta taɓa karkata, babu wanda ya nemi canji. Muna dab da shiga sai muka ji an dafa kafaɗar direba. Dattijon nan ne ɗan ga-ruwa, ya ce, "Haba ɗana, ku bar mana ladan mana."

Direba ya ɗan ƙara taku uku kafin ya matsa masa.